Hayaƙi Mai Tsawa: Wa Ya Kai Livingstone Bakin Ruwa?



Shekara 26 na yi riƙe da alli, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a kwalejojin jihar Maraɗi, daga Tasawa zuwa Madarunfa har na dawo cikin gari. A tsawon shekarun nan akwai wata jimla da na rubuta a allo sau ba adadi: a shekarar 1855 David Livingstone ya gano magangarar ruwan Biktoriya. Da Faransanci nake rubuta ta, yara su kwafe a kaye, ranar jarrabawa su maido mani da ita yadda na ba su, ni kuma in ba su maki. Haka mushenmu ya koya mana muna lakwal, haka ni ma na koyar. Ban taɓa tsayawa na dubi kalmar nan "gano" ba, sai da Allah ya kai ni bakin ruwan da ƙafata bayan na ajiye aiki.

Babban ɗana ne ke aiki a Lusaka, babban birnin Zambiya. Da matarsa ta haihu sai ya matsa lallai in zo in ga jika. Na tashi daga Yamai, na canza jirgi a Adis Ababa, na sauka Lusaka. Bayan kwana goma sai ya ce mani: "Baba, abin da ka shekara da shekaru kana koya wa ƴaƴan mutane, ai ba ka koma gida ba ka gan shi ba." Muka shiga babbar motar fasinja muka nufi kudu maso yamma, tafiyar kusan kilomita 480, zuwa garin da har yau ake kira Livingstone.

Abin da ido ya gani

Watan Afrilu ne. A gida lokacin ne zafi ke kan ganiyarsa, rijiyoyi sun ja ƙasa, Gulbin Maraɗi ya koma rairayi yara na buga ƙwallo a cikinsa. Can kuwa lokacin ne kogin Zambezi ke cika ya batse. Damanarsu daga Nuwamba zuwa Maris take, amma ruwan da ya sauka a tuddan Angola da arewa maso yammacin Zambiya sai ya ratsa babbar fadamar Barotse, ya yi makonni a hanya kafin ya iso. Wanda ya zauna Yamai zai gane wannan, don kogin Isa ma sai cikin hunturu yake kawo ruwan Gine, bayan ya daɗe yana yawo a fadamun Masina.

Tun ba mu shiga gari ba ɗana ya nuna mani wani farin abu tsaye a sararin sama, kamar an sa wa daji wuta. Ya ce ruwan ke nan. Na yi shiru, don ban yarda ba.

Washegari muka je. Kogi ne mai faɗin mita 1,708, yana tahowa a shimfiɗe cikin natsuwa, da tsibirai da itatuwa a tsakiyarsa, sai kawai ƙasa ta tsage a gabansa ya auka cikin rami mai zurfin da ya kai mita 108. Hasumiyar masallacin Agadas tsawonta mita 27 ne, to a ɗora huɗu bisa juna, zurfin ke nan. Faɗin kuma ya ninka gadar Kennedy ta Yamai sau biyu har da ɗoriya. In kogin ya cika, sama da lita miliyan 500 ke zuba cikin ramin a minti ɗaya. Da yake ramin matsattse ne, ruwan ba shi da wurin bazuwa, sai feshinsa ya tashi sama ɗaruruwan mita ya dawo ƙasa kamar ana ruwan sama, dare da rana.

Mun yi hayar rigunan leda a bakin ƙofa, amma ba su hana komi ba. Kafin mu ƙetare wata ƴar siririyar gada ta masu ƙafa na jiƙe sharkaf, hulata ta zama tsumma. Ɗana na magana ina ganin bakinsa na motsi, ba na jin ko kalma ɗaya saboda rugugi. Na leƙa ƙasa sai ga bakan gizo a ƙarƙashin ƙafafuna, abin da tun da aka haife ni sai na ɗaga kai nake ganinsa. Subhanallahi kaɗai nake iya faɗi. Na tuna matan Dakoro da ke jan guga daga rijiya mai gaba talatin, na ga ruwan da zai ishi garuruwa yana wucewa kafin ƙiftawar ido.

Nan tsaye, ina rawar ɗari, tambayar ta zo mani. Abin da ake hango hayaƙinsa daga nisan kilomita da dama, ake jin ƙararsa tun ba a gan shi ba, yaushe ya ɓace har wani ya taso daga Sikotilan ya gano shi?

Sunaye uku, zamani uku

Na san, kamar yadda kowane malamin tarihi ya sani, cewa wurin yana da sunan gida: Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Da wannan suna Zambiya ke kiran gandun dajin da ke gefen ruwan, kuma da hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 1989, da sunayen biyu ta rubuta shi. Na zo da tunanin cewa maganar mai sauƙi ce: Nasara ya shafe sunan asali ya ɗora na sarauniyarsu, gyara shi ne a maido da na asali.

Ziyarar da muka kai ƙauyen Mukuni ce ta rushe mani wannan tunani. Ƙauyen yana ƴan kilomita kaɗan daga ruwan, mazaunin al'ummar Leya ne, dangin Tonga, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru a wurin. Sarautarsu ta ba ni sha'awa, don bayan sarki akwai mace mai sarautar Bedyango, wadda al'amuran ƙasa da roƙon ruwa da naɗin sarki ke bi ta hannunta. Nan take na tuna Iya ta Maraɗi da Inna ta Gobir. Saurayin da ya zaga da mu, ɗana na yi mani tafinta, ya ce su a bakinsu sunan ruwan Shungu na Mutitima. Ya ce Mosi-oa-Tunya sunan baƙi ne.

Gaskiya ya faɗa. Sunan daga bakin Kololo ya fito, su kuwa Kololo asalinsu can kudu ne, cikin ƙasar da yau ake kira Afirka ta Kudu, masu magana da harshen Soto. A shekarun 1820, zamanin da Ɗan Kasawa ke kafa sarautar Katsina a nan Maraɗi bayan jihadi ya raba su da birninsu, yaƙe-yaƙe sun tarwatsa al'ummomin kudancin Afirka. Wani jarumi mai suna Sebetwane ya kwashi mutanensa ya yi arewa, suna yaƙi suna ƙaura kusan shekara 20, har suka ƙetare Zambezi suka ci ƙasar Lozi wajen 1840, suka ɗora wa al'ummomin bakin kogi haraji. Ashe sunan da nake ɗauka na asali, na mayaƙan da suka iso wurin ne shekaru kaɗan kafin Livingstone. Masu ƙarfi biyu suka zo a jere, kowa ya raɗa nasa suna, masu wurin na zaune suna kallo.

Mulkin Kololo ma bai daɗe ba. A 1864 Lozi suka yi musu tawaye suka karkashe mazajensu. Sai dai harshensu ya riga ya kama ƙasa, shi ne tushen harshen Lozi na yau, shi ya sa sunan ya rayu bayan masu shi sun shuɗe.

Ayarin wa?

To yaya Livingstone ya iso? A gidan adana kayan tarihi na garin, wanda aka kafa tun 1934, akwai wasiƙunsa da kayan aikinsa. Na yini a ciki, da na dawo gida kuma na sake bin labarin daga tushe. Abin da na tarar ya sa na ji kunyar allona.

Livingstone ya fara haɗuwa da Sebetwane a 1851, kuma tun a lokacin mutanen sarkin suka ba shi labarin ruwan. Makonni kaɗan bayan haɗuwarsu Sebetwane ya rasu. Ƴarsa Mamochisane ta gaje shi, daga baya ta sauka ta bar wa ƙanenta Sekeletu, saurayin da bai cika shekara 20 ba. Sekeletu na da hauren giwa jibge, amma ba shi da hanyar kai shi bakin teku sai ta hannun dillalai masu saye da arha. Yana son bindigogi da tufafi da kayan Turai a farashin gaskiya. Ga kuma wani Nasara ya zo, mai jin harshensu, mai son tafiya, mai iya magana da Turawan da ke bakin teku, amma ba shi da dukiya ba shi da mutane.

Bahaushe da ya san fatauci ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Sekeletu ya haɗa ayari. A 1853 ya ba Livingstone mutum 27 da shanu da haure, suka yi yamma har Luwanda a bakin tekun Atlantika, suka isa a 1854, suka dawo a 1855. Hanyar ta yi wuya, sai aka ce a gwada gabas. Wannan karon mutum 114 sarkin ya bayar, da shanu da fartanya da duwatsun ado na sayen abinci a hanya, da haure, da jerin kayan da yake so a sayo masa. Shi da kansa ya rako ayarin da mutum wajen 200 har kusa da ruwan. Ranar 16 ga Nuwamba 1855 masu kwalekwale da suka san kowane dutse na kogin suka ɗauki Livingstone suka sauke shi a wani tsibiri da ke daidai leɓen ramin, ya rarrafa ya leƙa. Ya sassaƙa haruffan sunansa a jikin wata itaciya, ya shuka ƴaƴan itatuwa da kofi, dorinai suka tattake su daga baya. Ya raɗa wa ruwan sunan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda har ta mutu ba ta taka ƙasar ba.

A lissafin fatake, mai dukiya Sekeletu ne, shi ya ɗaure kaya, shi ya ba da guzuri. Livingstone a idon Kololo wakilin sarki ne da aka aika neman hanya da kasuwa. A idon Ingila kuwa shi ne jarumin da ya ratsa Afirka daga teku zuwa teku. Tafiya ɗaya ce, amma ɓangare ɗaya ne ke da injin buga littafi. Littafinsa na 1857 ya sayu ƙwarai, daga shi labarin ya shiga littattafan makaranta na Ingila, ya shiga na Faransa, ya biyo jirgi ya iso hannun mushenmu, ya iso allona a Tasawa.

Adalci ya sa in faɗi cewa Livingstone bai ɓoye taimakon da aka yi masa ba. Ya rubuta sunan Sekeletu, ya rubuta sunan Mosi-oa-Tunya da ma'anarsa. Mutum ne da ya fara aikin masaƙa yana ɗan shekara 10, ya yi karatun likita da guminsa, ya ƙare rayuwarsa yana tona asirin cinikin bayi a gabashin Afirka. Shi ya sa da Zambiya ta samu ƴancin kai a 1964 ta canza sunayen garuruwa irin su Fort Jameson da Abercorn da Broken Hill, suka koma Chipata da Mbala da Kabwe, amma ta bar nasa. Masu taƙaita labari ne suka zubar da mutum 114 suka bar mutum ɗaya. Ni ma ina cikinsu.

Sekwebu da Dorugu

Cikin mutanen nan 114 akwai wanda labarinsa ya hana ni barci. Sunansa Sekwebu. Tun yana yaro mayaƙan Ndebele suka kama shi, ya tashi yana yawo a gaɓoɓin Zambezi, ya san hanyoyi, ya san harsunan mutanen da ke bakin kogin. Shi ne jagaban ayarin, shi ke shiga gaba a nemi izinin wucewa wurin sarakuna, shi ke sasantawa in rigima ta taso. Da ɗan gari kan ci gari, in ji masu iya magana.

Da suka isa Tete, garin Turawan Fotugal a cikin Mozambik ta yau, sai Livingstone ya bar yawancin mutanen a can da alkawarin zai je Ingila ya dawo ya maida su gida. Ya isa Kelimane a bakin tekun Indiya a watan Mayu 1856. Sekwebu kaɗai ya shiga jirgin ruwa tare da shi, yana son ya ga ƙasar Turawa ya kawo wa sarkinsa labari. Mutumin da ya ƙware a kogi bai taɓa ganin teku ba. Da suka isa tsibirin Moris hankalinsa ya gushe, ya faɗa cikin ruwa, ba a ga gawarsa ba.

Waɗanda aka bari a Tete kuwa shekara huɗu suka yi suna jira, suna farautar giwa da saran itace don su ci. Wajen 30 daga cikinsu agana ta kashe. Sai a 1860 Livingstone ya raka waɗanda suka yarda su koma, da yawa sun riga sun yi aure sun zauna. Ya tarar da Sekeletu cikin ciwon fata mai tsanani, ya killace kansa daga mutane. Hanyar kasuwar da sarkin ya zuba dukiyarsa a kanta ba ta buɗe ba, ya rasu a 1863, bayan shekara ɗaya mulkin gidansu ya rushe. Livingstone ya samu lambobin girma da suna, mai ayarin bai ga riba ba.

Ina cikin wannan tunani sai na tuna cewa mu ma muna da namu, kuma a shekarar nan ta 1855. Watanni biyu kafin Livingstone ya leƙa ramin Zambezi, wani yaro Bahaushe ya sauka birnin Landan. Sunansa Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami aka kai shi Barno, wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi, da Overweg ya rasu a 1852 sai ya koma hannun Heinrich Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim. Tare suka bi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Sayi har Tumbutu, suka dawo, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Shi da abokinsa Abbega suka bi Barth har Turai.

Inda Sekwebu ya kasa kaiwa, Dorugu ya kai. Ya zauna wurin wani fada mai suna Schön ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa: yadda aka kama shi, yadda ya rabu da iyayensa, abin da ya gani a hanya, da yadda ya ga Turawa a gidajensu, cin abincinsu da al'adunsu. An buga labarin cikin littafin Magana Hausa a 1885. Ya dawo Afirka, ya ƙare rayuwarsa a Kano, ya rasu a 1912. In leƙa ƙasar wasu da ba da labarinta shi ne ganowa, to ɗan Damagaram ya gano Landan a 1855. Shekara 26 ina koyar da Barth, da taswirar tafiyarsa, da ranakun da ya shiga kowane gari, ban taɓa rubuta sunan Dorugu a allo ba ko sau ɗaya. Kuma a Tasawa nake koyarwa, garin da Barth ya ratsa a 1851, ƙasar Dorugu na nan gabas da mu.

Gadar Rhodes

Suna ba ya tafiya shi kaɗai. Bayan mai raɗa suna sai mai tuta, bayan mai tuta sai mai awo. Shekara 35 bayan zuwan Livingstone, kamfanin Cecil Rhodes, attajirin lu'ulu'u na Afirka ta Kudu, ya samu takardar yarjejeniya daga Lewanika sarkin Lozi a 1890, bayan wadda ya karɓa daga Lobengula sarkin Ndebele a 1888. Da waɗannan takardu aka mallake ƙasashen da ke gefe biyu na kogin, aka raɗa musu sunan mutumin da kansa: Rodeshiya ta Arewa da Rodeshiya ta Kudu.

Burin Rhodes layin dogo ne daga birnin Kap har Alƙahira, duk cikin ƙasar da Ingila ke mulki. Ya so gadar jirgin ta ƙetare Zambezi dab da magangarar, yadda feshin ruwan zai riƙa sauka kan taragai. Ya mutu a 1902 bai taɓa ganin wurin ba, amma an cika masa buri. A garin Darlington na Ingila aka ƙera ƙarafan, aka kawo su ta teku zuwa Beira, aka ɗauko su a jirgin ƙasa. Wani injiniya Bafaranshe, Georges Imbault, ya jagoranci haɗa su, daga gefe biyu ana tahowa har suka haɗu a tsakiya. Aikin ya ci wata 14, aka buɗe gadar a watan Satumba 1905. Tsawonta mita 198, tsakaninta da ruwa mita 128. Ɗaruruwan leburori baƙar fata ne suka ɗauki ƙarafan nan bisa wannan rami. An san sunan mai zane, an san na injiniya, an san na baƙon da ya buɗe ta. Na leburori kuwa sai dai Allah.

Layin bai kai Alƙahira ba. Ya kai inda ake bukatarsa: mahaƙar gawayi ta Wankie, da mahaƙar dalma ta Broken Hill, da ƙasar jan ƙarfe a arewa. Mu da layin dogonmu ya taso daga Kwatano ya tsaya Paraku mun san yadda Nasara ke auna inda jirgi zai tsaya.

Mun taka gadar da ƙafa, don ana ba da izinin shiga tsakiyarta ba sai da bizar Zimbabuwe ba. Akwai layin da ya raba ƙasashen biyu. Matasan Turawa na ɗaure igiya a ƙafa suna faɗawa cikin ramin don nishaɗi, mata ƴan kasuwa na wucewa da kaya a ka, ko kallonsu ba sa yi. A daidai wurin nan, cikin watan Agusta 1975, aka tsayar da taragon jirgi a tsakiyar gada. Ian Smith, shugaban tsirarun fararen fata da suka ɓalle daga Ingila a 1965 don kada mulki ya koma hannun masu rinjaye, ya zauna ta gefen Rodeshiya. Shugabannin ƴan gwagwarmaya, su Joshua Nkomo da Abel Muzorewa da Ndabaningi Sithole, suka zauna ta gefen Zambiya, don wasunsu in sun taka ƙasarsu ta haihuwa kama su za a yi. Kenneth Kaunda na Zambiya da John Vorster na Afirka ta Kudu ne suka haɗa zaman. Awa tara da rabi aka yi aka tashi baram-baram, yaƙi ya ci gaba har 1980 da Zimbabuwe ta samu ƴanci. Gadar da aka gina don a haɗa daular Ingila, a kanta aka zauna cinikin yadda za a kwance ta.

Su kuwa mutanen kogi, tarihi ya sake bi ta kansu. Da aka gina madatsar ruwa ta Kariba a ƙasan magangarar, aka gama a 1959, sai da aka tashi ƴan ƙabilar Tonga wajen 57,000 daga gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Duniya ta fi jin labarin namun daji wajen 6,000 da aka ceto daga ambaliyar fiye da labarin mutanen.

Abin da na dawo da shi

Ba na cikin masu cewa a farfasa mutum-mutumin Livingstone da ke tsaye bakin ruwan. Kuma na gane cewa canza suna kaɗai ba ya biyan bashi, tunda sunan da za a koma gare shi ma na wasu mayaƙa ne, kuma in an bi ta Leya, wa ya san wanda suka tarar? A kewayen magangarar an tono kayan aikin dutse na mutanen da suka rayu dubban shekaru kafin a san Tonga ko Kololo. Kowa ya zo ya tarar da ruwan yana zuba.

Abin da ke hannunmu mu malamai ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi shi nauyi. Jimlar ce za mu gyara. Da zan koma aji yau, ga abin da zan rubuta: a 1855 Sekeletu sarkin Kololo ya haɗa ayarin neman hanyar kasuwa zuwa teku, mutanensa suka kai David Livingstone magangarar Mosi-oa-Tunya a ƙasar Leya, ya zama Bature na farko da ya ba da labarinta a rubuce. Ta fi tsawo, yara za su yi gunaguni wajen kwafa. Amma babu ƙarya a cikinta, kuma yaron da ya haddace ta ba zai tashi da tunanin cewa kakanninsa na zaune cikin duhu har aka zo aka nuna musu kogin da suke sha ba. Haka nan in an zo kan Mungo Park da kogin Isa, a tambayi yara: masuntan da ya tarar a Segu a 1796, su a wane kogi suke kamun kifi?

Ni kaina kai ni aka yi. Ba don ɗana da ya biya kuɗin mota ya yi mani tafinta ba, da saurayin Mukuni da ya gyara mani suna, da na je na jiƙe na dawo da jimlata yadda take. Tsofaffin ɗalibaina da ke karanta wannan shafi, wasunku yanzu ku ke riƙe da alli a Tawa da Damagaram da Doso. Abin da na ba ku a kaye ragagge ne, ku yafe mani, ku cika shi. In kun zo darasin masu yawon binciken Afirka, ku rubuta Sekwebu kusa da Livingstone, ku rubuta Dorugu kusa da Barth. Malaman Damagaram musamman, yaron nan naku ne, labarinsa da Hausa ya bayar, babu abin da zai hana a karanta wa ɗalibai shi a cikin aji.

Jikan da na je gani yanzu ya fara tafiya. Uban ya ce in ya yi wayo zai kai shi bakin ruwan. Na ce to, amma a fara biyawa da shi ta Mukuni.

Allah ya sa mu gyara kafin a gyara mu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.